Abin riƙe akushi wajen gugar inji: yadda aikin ke tahiya a atelye na

Asabar, 11 Janairu 2025

Yau na ce bari in fara rubuta wanga aiki rana rana, don in na manta abin da na gwada in dawo in duba, kuma ƴan uwa masu aikin tur, wato injin juya itace, su ƙaru. Na daɗe ina juya itace a nan Yamai, atelye na ƙarami ne bayan kasuwar Katako, ni da yaro guda aparanti, kuma duk wanda ya san aikin ga ya san ba juyawar ke kashe mutum ba, guga ce. Juya akushi guda in itacen ya bushe da kyau minti arba'in na gama, amma gugar shi sai ta ci mini awa guda da rabi, kuma duk a sunkuye.

Matsalar ita ce injin tur an yi shi ne don riƙon guj, wato ƙarfen sassaƙa. Tsakiyar injin tana daidai gwiwar hannu, wannan daidai ne in kana sassaƙa, amma in ka ɗauko persez, wato injin huda na hannu, da faifan samfefa za ka shiga cikin akushi sai ka kwanta bisa gadon injin, ka murɗe wuya kana leƙen ciki, hannun dama a miƙe ɗauke da persez mai nauyin kilo biyu, ƙura kuma tana taso maka kai tsaye a huska. Akushi ukku ka goge, bayanka ya riƙe. Shekaran jiya da na zo ruku'u a sallar Magariba sai da na dafa gwiwa na jima kafin in miƙe, nan na san abin ya wuce a yi ta haƙuri.

Ga shi kuma wata Hajiya mai shago a Plateau ta ba ni aiki, akusa 36 na zuba dabino, 12 daga ciki masu murfi, tana son su kafin azumi. Rabin su ta ce a bar musu bakin itacen yadda Allah ya yi shi, da ɓawonshi da lanƙwasarshi, kuma irin wanga baki ba ya goguwa injin na juyawa, in ka kai hannu sai ya fizge samfefar ko ya daki ɗan yatsa. Dole a tsaida abin wuri guda a bi shi da faifai a hankali.

Abin da nake so ke nan: wani abu da zai riƙe mini akushi gam, a tsayin da nake so, ya kuma karkata duk inda na juya shi, ni in tsaya a miƙe hannuna biyu na kan persez. Turawa suna saida irin shi, na gani a intanet, amma kuɗin shi da na kawowa sun fi ƙarfin ribar akusan baki ɗaya. Za mu haɗa namu.

Talata, 14 Janairu

Na fara da abin da ba ya cin kuɗi. Na yanke ƙafar wani tsohon wando jin, yaro ya ɗebo rairayi mai laushi ya tankaɗe, munka cika shi ba cikawa sosai ba, tela na kusa da mu ya ɗinke bakin. Sai ka ɗora akushi bisa ka danna, rairayin ya yi mishi gurbi.

Gaskiya ya yi amfani fiye da yadda na zata, ga ƙananan abubuwa kamar murfi da ƴan kwanonin turare. Ba ya ƙarzar itace, kuma shina shanye girgizar persez. Amma ga babban akushi bai isa ba. Da faifan ya kama gefe sai akushin ya juya ya bi shi, dole hannun hagu ya riƙe, ka ga an koma persez da hannu guda ke nan, kuma yatsu suna kusa da faifai mai lamba 80 wanda in ya taɓa fata ba ya tambaya. Yaron ya ce Maigida bari in riƙa riƙe maka, na ce a'a, ba zan sa hannunka inda nake tsoron sa nawa ba.

Na bar jakar rairayin dai, za ta yi aikin murafu.

Lahadi, 19 Janairu

Dabarar ta zo mini ne jiya a bakin gareji, ina kallon wata tsohuwar mota mai ƙwallon jan ramok, wato tirela, a bayanta. Ƙwallon ƙarfe ne sumul, faɗin shi milimita 50, haka ake yin su ga motocin da ke zuwa daga Turai, kuma shina da wuya mai kauri. Na ce to ai in aka matse ƙwallon ga tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu rami, wuyan na kallon sama, sai ya zama kamar gaɓar kafaɗar mutum, ya karkata gaba, baya, gefe, ya kuma juya. A bisa wuyan sai a liƙa guntun ƙarfe mai zare irin na bakin injin tur, yadda zan kwance mandaran, wato ƙarfen da ke cije gindin akushi, daga injin da akushin a cikin shi, ban sake shi ba, in ɗaura bisa ƙwallon. Wannan shi ne babban abin, akushin ba ya barin mandaran, don in ka cire shi ka maida ba ya taɓa komawa daidai tsakiya, in kuma ka ga wani wuri da guj ya yage sai ka maida kan injin ka gyara ba tare da ya yi rawa ba.

Yau da safe na shiga Katako ɓangaren ƴan ƙarfe. Wanda bai san Katako ba ba zai gane ba, babu abin da ba ka samu sai dai ka rasa haƙurin tonawa. Na samu ƙwallon wurin wani dattijo cikin tarin kayan mota, ya ce jikka huɗu, munka daidaita a jikka biyu da rabi. Ya ce ɗana mi za ka ja da shi, na ce Baba akushi zan ja, na yi mishi bayani, ya jinjina kai ya ƙara mini guntun farantin ƙarfe mai kaurin milimita 10 kyauta, Allah ya saka mishi.

Maganar zare kuma a kula da ita ƙwarai, don ba duka injuna ke da iri ɗaya ba. Nawa na Turai ne, zaren bakin shi M33 ne mai tazarar 3,5, wato kaurin milimita 33, tsakanin haƙori da haƙori milimita ukku da rabi. Ƙananan injunan da anka yi don kasuwar Amurka su kuma da inci ake auna su, da yawa inci 1 ne mai haƙori 8 a kowane inci, manyan kuma inci 1 da kwata. Ba sa shiga juna ko kaɗan. Kafin ka ba da aiki ka auna naka.

Na kai ma wani mai tur na ƙarfe, na rubuta mishi lambar a takarda. Ya ce Laraba.

Alhamis, 23 Janairu

Na karɓo, bai shiga ba. Kaurin daidai ne amma ya yanka haƙoran da tazarar 2, irin siririn zare, mandaran ya yi juyi ɗaya da rabi ya cije. Allah ya sa ban matsa da ƙarfi ba, da na lalata zaren mandaran ɗin kuma shi kaɗai gare ni, samun wani a garin ga ba ƙaramin aiki ba ne.

Raina ya ɓaci don takardar tana nan manne a bangon shi na gan ta. Amma da na koma bai yi gardama ba, ya ce yaron shi ne ya saita injin, zai sake ba sai na ƙara ko dala ba. Wannan karon na ɗauki mandaran ɗin da kaina na zauna har anka yanka, muna gwadawa kaɗan kaɗan har ya shiga sumul ya zauna bisa kafaɗa. Na sa ya bar kafaɗa mai faɗi a gindin zaren kamar yadda take a injin, don mandaran a kan kafaɗar yake zama, zaren ja kawai yake yi. Kwana huɗu sun tahi a banza, akusa kuma suna nan jibge, 20 na juya na farko tun watan Nuwamba na bar su da kauri suna bushewa cikin buhun dussar itace.

Laraba, 29 Janairu

Alhamdu lillahi an haɗa, kuma yau na yi aiki da shi yini guda.

Ga yadda yake. Ƙafar tsohon gangar birki ce ta babbar mota, mai nauyi, ba ta motsi. A bisa munka tsaida tiyo na ƙarfe biyu, ɗaya na shiga cikin ɗaya, da ramuka kowane santimita 5 da ake soka ƙusa, don a ɗaga ko a sauke. A can sama faranti biyu, kowane da rami mai faɗin milimita 40, ƙwallon na zaune tsakani. Farantin sama mai walda ya tsaga shi ta gaba don wuyan ya samu hanyar kwantawa sosai. Bulon biyu ke matse su, ɗaya a ɗaure dindindin, ɗaya munka liƙa mishi hannu mai tsawo, kwata juyi ya saki, kwata juyi ya kama.

Gwajin farko ƙwallon ya riƙa sulɓewa, ƙarfe bisa ƙarfe ba ya kamu, ina danna persez akushin na sunkuyawa a hankali. Sai na tuna guntayen fata da ke zube wurin dukawa, na aiki yaro ya samo, munka yanka zobe biyu munka shimfiɗa a ramukan. Shi ke nan, ya kama kamar an dasa shi, kuma in ka saki hannun kaɗan shina juyawa da nauyi nauyi ba ya faɗuwa gaba ɗaya.

Akushin farko na maɗaci ne, faɗin santimita 28. Na ɗaura shi, na sauke tiyon har bakin akushin ya zo ƙasa da gwiwar hannuna da kamar tafi guda, na karkato shi shina kallon ƙirjina. Wallahi karon farko ke nan da na ga cikin akushi gaba ɗaya ina goge shi ba tare da na leƙa ba. Gwiwoyin hannuna biyu manne da haƙarƙarina, persez ɗin jikina ke ɗauke da shi, in zan matsa sai in motsa ƙafa. In na gama gefe guda in saki hannun, in juya akushin, in kama, in ci gaba. Wurin da nake gogewa kullum shina gabana.

Abin da na lura da shi, tunda akushin a tsaye yake ba ya juyawa, faifan na saurin yin rami in ka tsaya wuri guda, ko daƙiƙa biyu ne. Dole hannu ya riƙa yawo. Kuma ba a kwantar da faifan duka, gefen shi guda ake ɗorawa, in ka kwantar duka sai ya yi ta tsalle shina barin zane kamar ƙahon rago. Faifai na biyu gare ni, mai milimita 50 na cikin lungu da mai 75 na fili, dukansu da soso a ƙasa da sikirac da ake manna samfefa.

Lambobin samfefa da nake bi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, 80, 120, 180, 240, 320. Ba na tsallake ko ɗaya. Na san akwai masu tashi daga 80 su dira 240 don sauri, to zanen 80 na nan kwance, ba ka ganin shi sai ranar da ka shafa mai ya fito ɓaro ɓaro gaban mai kaya. Kafin kowace lamba ina zazzana cikin akushin da fensir, in zanen fensir ya ɓace duka to na bi ko'ina. Sannan in share ƙurar da burushi kafin in sa ta gaba, don ƙwayar samfefa mai kaushi guda ɗaya in ta rage sai ta yi ta jan layi.

Akusa 5 yau. Da can 3 ne iyakata kuma da ciwo.

Litinin, 3 Fabrairu

Abu biyu sunka faru.

Na ɗaya, mandaran ya kwance da kanshi ina tsakiyar aiki. Faifan ne ke tura akushin ta wajen da zaren ke buɗewa, kaɗan kaɗan har ya saki. Bai faɗi ba, na ji shina rawa na tsaya. Na huda gefen kafaɗar munka sa ɗan ƙaramin bis mai danne shi, an wuce wurin.

Na biyu, persez ta mutu. Ta fara tartsatsi da wari, na buɗe ta na tarar da ciki cunkushe da garin itace kamar an ɗura, gawayin motar da ke juya ta ya cinye. Ita ba don guga anka yi ta ba, fankar cikinta na zuƙo ƙura duk yini. Na sa sabon gawayi ta tashi, daga yau kowane marece sai an hure ta da famfon keke kafin a rufe shago.

Wannan ya sa na zauna na yi tunani, abin da na gani cikin persez ɗin shi ne ke shiga ƙirjina da na yaron ga. Ƙurar maɗaci har ɗacinta kake ji a maƙoshi, ga hunturu da tashi ƙurar, dare ya yi mutum na ta tari. Kuma ba tari kaɗai ba ne, hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa tun 1995 ta sa ƙurar itace cikin abubuwan da anka tabbatar suna kawo ciwon daji ga mutum, musamman na cikin hanci, kuma itace mai tauri irin namu ya fi. Rawani ko kashne na tsumma da muke ɗaurawa manyan ɓarɓashi kawai yake tarewa, mai laushin da ke illa wucewa take. Na sayo takunkumi mai lamba FFP2 a farmasi guda goma, na ce ma yaron in na gan ka kana guga babu shi ka tahi gida ranar. Uwarshi amana ta ba ni shi.

Wani alherin maƙalin ga da ban yi lissafin shi ba, ana ɗaukar shi. Mun mirgina shi bakin ƙofa, na sa fanka a bayana tana kora ƙurar waje, ga hasken rana na shigowa ta gefe, kuma hasken gefe shi ke tona zanen samfefa, fitilar sama ɓoye shi take.

Asabar, 8 Fabrairu

Ciki da baki sun samu magani, saura gindi. Wurin da mandaran ke cizo dole a ƙarshe a sassaƙe shi a goge, kuma a lokacin babu abin kamawa. Ga masu baki daidai ina kifa su bisa faifan katako da ƴan robobi masu riƙe baki, amma masu bakin ɓawo ba su kifuwa, bakin ba a miƙe yake ba kuma in ka matsa ɓawon ya ɓalle, shi ne kuma adon da Hajiya ta biya kuɗi don shi.

Don haka na shiga maganar riƙo da iska. Wanda bai taɓa gani ba zai ce wasa ne, amma lissafi ne. Iskar da muke ciki tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin kusan kilo guda, ba mu ji ne don ta ko'ina take dannawa. In ka ɗora akushi bisa bakin tiyo ka zuƙe iskar da ke cikin tiyon, sai ta waje ta danne akushin. Tiyo mai faɗin santimita 10 filin bakin shi ya kai santimita murabba'i 78 da ɗoriya, ko kashi biyu cikin ukku na iskar kawai ka cire ka samu riƙon kilo 50. Tiyo mai faɗin 5 kuwa kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kawai zai ba ka, don fili da faɗi ba tare suke tahiya ba, in faɗi ya ragu rabi fili ya ragu sau huɗu. Shi ya sa ƙananan abubuwa ba su riƙuwa da kyau ta wanga hanya.

Famfon zuƙar iska na gaske tsada gare shi, amma kwamparesan firijo na yin aikin, bakin shi guda zuƙa yake guda hurawa. Na samu na wani mataccen firijo wurin mai gyaran sanyi a Wadata, ya gwada mini shi a gabana, na sa yatsa a bakin zuƙar ya kama fatar. Ya gargaɗe ni abu ukku: in sa mishi matata a gaba don ƙura na kashe shi, in riƙa duba mai don shina tofar da shi ta bakin hurawa, kuma in an kashe shi kar a tada nan take sai ya huta ƴan mintoci. Matatar esans ta mota na sa, ta roba mai haske wadda ake ganin datti a ciki.

Sauƙin da na samu, tunda ba bisa injin tur zan yi ba, babu abin da ke juyawa, ba na buƙatar haɗin nan mai rulma da masu yi a kan inji ke wahala da shi. Guntun tiyo PVC mai faɗin milimita 100 kawai, na dasa shi cikin faifan katako mai ekuru, wato noti, na zaren M33 a ƙasa, na huda gefe na sa siririn tiyo, bakin sama kuma na manna mishi zoben soso irin na silifas.

Juma'a, 14 Fabrairu

Ya yi aiki, kuma ya ci mini akushi guda.

Ranar Talata na gwada da na maɗaci, na kifa cikin shi bisa bakin tiyon na kunna, ka ji sautin kwamparesan ya canza, sosan ya lotse, na kama akushin da hannu biyu na ja har gangar birkin ta ɗaga bai saki ba. Na goge gindi 6 a ranar cikin kwanciyar hankali. Na bedi kuwa riƙon bai kai haka ba, akwai masu ƴan tsagu da ido ba ya gani da wurin kulli, iska na bi ta nan. Na lulluɓe wurin da leda da salatif ya ɗan ƙaru.

Jiya da la'asar ina kan wani na ƙirya, mafi kyau cikin su duka, ja wur da baƙin zane, na karkatar da shi sosai ina bin gefen gindi, sai kuran ya ɗauke. Persez ta tsaya, kwamparesa ya tsaya, kafin in aje abin hannuna in kai gare shi iskar ta koma, ya sulluɓe ya daki gangar birkin ya rabe biyu. Na tsaya ina kallon shi. Ƙiryar ga daga Dosso wani ya kawo mini guntun ta, ragowar wani tsohon turmi da ya fashe, ba itacen da za ka je ka saro ba ne, wata ukku tana bushewa a hannuna. Yaron ya tattara ɓarin biyu ya ce Maigida ko a manna, na ce abin da za a ci abinci a ciki a kai ma mutane ba a manna shi. Na aje su, za su yi cokula.

Inna lillahi. Na san halin wutar garin ga, ya kamata tun farko in sa wanga cikin lissafi.

Alhamis, 20 Fabrairu

An gyara. Na sa kalape mai barin iska ta wuce hanya guda tsakanin kwamparesa da tiyon, sannan na haɗa tsohon tulun kashe gobara wanda babu komi ciki a tsakani, ya zama kamar rumbu. Yanzu in wuta ta ɗauke tulun ke ci gaba da riƙo. Na gwada da gangan sau biyar ina zare fulogi, da agogo a hannu, na maɗaci ya wuce minti ɗaya bai saki ba, na bedi kusan daƙiƙa 20, duka sun isa mutum ya aje persez ya tallabe. Na sa agogon iska kuma don in riƙa ganin ƙarfin zuƙar, da ɗan famfo na sassautawa, don akushi mai siririn jiki in zuƙar ta yi yawa tana iya fasa gindin shi. A ƙasa kuma na shimfiɗa tsohuwar katifa, kuma ba na ƙara karkatar da shi fiye da rabi in iska ce ke riƙe.

Wani abu game da ƙirya da marke, kar a ba persez wuta duka. Zafi na taruwa, samfefar ta ƙone, sikirac ɗin ya narke, kuma a wajen kan itace sai ka ga ƴan tsagu sirara sun fito kamar gashi, waɗanda ba su goguwa. Rabin gudu, hannu sakwa sakwa, in ka taɓa itacen ka ji ya yi ɗumi ka matsa wani wuri. Samfefa in ta mutu a yar, dannawa ba ta maida mata kaifi.

Talata, 25 Fabrairu

An gama 36, har da wanda na juya a madadin na ƙirya. Bayan lamba 240 na shafa musu tsumma mai ɗanshi, gashin itacen ya tashi, sunka bushe na bi da 320 da hannu ina bin tsawon jijiyar itacen don kashe zanen faifai. Mai kuwa man kaɗe na narka da kakin zuma, tunda abinci za a zuba. Ba na sa man gyaɗa, in ya jima wari yake.

Hajiya ta zo da kanta da direba. Ta ɗauki ɗaya mai bakin ɓawo ta shafa ciki da bayan yatsunta, ta kifa shi ta shafa gindin, ta ce Malam wannan karon har ƙasan ma kamar ciki. Ta ƙirga kuɗi ta cika, ta ce bayan salla tana son manyan farantai na tuwo guda goma.

Alhamis, 6 Maris

Azumi ya kama, aikin ƙura mun maida shi da safe daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya, bayan nan zafi da ƙishi ba su bari. Bayana alhamdu lillahi, tarawihi nake yi a tsaye ba dafe gwiwa. Abin da ya rage yatsun hannun dama ne, in na daɗe da persez sai su yi ta zuga kamar tururuwa na bi, girgiza ce ke kawo shi kuma na san in an yi sakaci tana taɓa jijiya. Na naɗe mariƙin da robar tib, kuma duk minti 20 ina ajewa in yi wani aiki. Persez mai lanƙwasasshen kai ta fi dacewa da wanga aiki don hannu na kusa da faifai, na sa wani ɗan uwa da ke zuwa Kwatano ya duba mini kuɗinta.

Yaron ya fara guga da kanshi tun Litinin. Ya fi ni gajarta, mun sauke mishi tiyon rami biyu, na yi alama da jan fenti a ramin shi da shuɗi a nawa. Jiya ya tsallake 180 shina ganin ban lura ba, na kai akushin bakin ƙofa na karkata shi ga rana na ce zo ka gani, ya gani, ya koma 120 bai ce komi ba.

Farantan Hajiya faɗin su zai kai santimita 45, wuyan ƙwallon gajere ne, in na karkata bakin farantin zai daki hannun matsewa. Gobe in sha Allahu zan kai ma mai walda ya ƙara wuyan da santimita 8 ya maida hannun ta baya, in kuma nemo tiyo PVC na 160 don bakin zuƙar.